Bakandamiyar Shata da Waƙar Percy Sledge: Yadda Haihuwar Waƙa Ke Yanke Makomarta

Waƙoƙin da suke wuce zamanin masu su ba su da yawa a kowace al'umma, kuma idan aka bi diddigin 'yan kaɗan ɗin da suka wuce, akan tarar cewa hanyar da aka bi wajen samar da waƙa tana da hannu a tsawon ranta kamar yadda daɗinta yake da hannu, wani lokaci ma fiye. Waƙoƙi biyu da suka fito daga ƙasashen noman auduga biyu masu nisa da juna sun isa su nuna haka. Ta farko ita ce "When a Man Loves a Woman", wadda Percy Sledge ya rera a jihar Alabama ta kudancin Amurka a shekarar 1966. Ta biyu kuwa ita ce Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata, wadda ya yi ta rerawa shekara da shekaru yana zaune a Funtuwa, a tsakiyar yankin da ake kira Karaduwa, wato kudancin Jihar Katsina, inda Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke. An gama waƙar Sledge a ɗaki ɗaya cikin ɗan lokaci, tun daga nan take da siffa guda wadda ba ta sauya ba, alhali Bakandamiya ba ta taɓa ƙarewa ba sai da mai ita ya rufe baki, kuma wannan bambanci shi ne ya sa gadon ɗaya yake da mai tsaro, gadon ɗayar yake warwatse a hannun jama'a.

Kiɗan sol, wanda waƙar Sledge ta fito daga cikinsa, kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka da ya bayyana a shekarun 1950, lokacin da mawaƙa irin su Ray Charles da Sam Cooke suka ɗauko salon rera waƙoƙin coci, da karya murya da jan numfashi da kira da amsawa tsakanin jagora da mabiya, suka ɗora shi a kan batutuwan duniya, musamman soyayya da rabuwa da ƙuncin rayuwa. Wannan aro bai yi wa dattawan coci daɗi ba a farko, domin suna ganin an kai muryar ibada gidan rawa. A cikin kiɗan sol akwai nau'in waƙa mai sanyin tafiya, wadda ganga ba ta gaggawa a cikinta, ana barin murya ta yi jagora tana ba da labarin zuciya, kuma a wannan nau'in ne mawaƙi yake nuna iyakar abin da yake da shi, tun da babu hayaniyar kiɗa da zai fake a bayanta. Kamfanonin da suka yi kasuwancin wannan kiɗa, irin su Atlantic a New York da Stax a Memphis da Motown a Detroit, su ne suka mayar da shi haja mai lamba da kwanan wata da takardar mallaka.

An haifi Percy Sledge a garin Leighton na Alabama a 1940, ya yi aikin tsinkar auduga yana yaro, daga baya ya zama mai kula da marasa lafiya a wani asibiti a garin Sheffield, yana kuma rera waƙa a ƙarshen mako tare da wata ƙungiyar makaɗa mai suna Esquires. A farkon 1966 ya shiga ƙaramin ɗakin naɗar sauti na Norala da ke Sheffield, kusa da Muscle Shoals, inda Quin Ivy da Marlin Greene suka jagoranci aikin, Spooner Oldham ya buga molon iska mai madannai wanda ya ba waƙar amon coci, Roger Hawkins kuma ya riƙe ganga. Da aka aika wa Jerry Wexler na kamfanin Atlantic, ya karɓa amma ya ce masu busa ƙaho sun kauce wa sauti, don haka aka sake naɗar wannan ɓangare, sai dai da faifan ya fito kasuwa sai aka ga na farkon ne, mai kuskuren, aka buga. Shi ne kuma ya hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye da saurare a Amurka a watan Mayu na wannan shekarar. Abin lura a nan shi ne har kuskuren da ke cikin waƙar an san shi, an san wanda ya gano shi, an san yadda ya tsira, domin komai ya faru ne a gaban na'ura da takarda.

Takardar ba ta yi wa kowa adalci daidai ba. Sunayen da aka rubuta a matsayin masu tsara waƙar su ne Calvin Lewis da Andrew Wright, abokan kiɗan Sledge a ƙungiyar Esquires, shi kuwa ya rayu yana cewa shi ya fara ƙago ta a kan dandamali cikin zafin rabuwa da wata budurwa, ya bar musu sunan don sun taimaka masa da kiɗa. Ko ma yaya gaskiyar take, kason kuɗin da doka ta ware wa mai tsara waƙa bai bi ta hannunsa ba, kuma kason ya yi ta girma: wani tallan wandon Levi's ya dawo da waƙar kasuwar Birtaniya a 1987 har ta kai matsayi na biyu, Michael Bolton ya sake rera ta a 1991 ta sake hawa na ɗaya a Amurka, ya kuma ci kyautar Grammy da ita, sannan a 1994 aka sa wa wani fim sunanta. Sledge ya rasu a 2015, amma waƙar ba ta dogara da numfashinsa ba tun ranar da ta fita daga Norala.

Tarihin Shata ya bi wata hanya dabam tun daga tushe. An haife shi a Musawa a 1923 bisa abin da marubuta tarihinsa suka fi tsayawa a kai, a gidan da ba na maroƙa ba, mahaifinsa Ibrahim Yaro bai so ya yi waƙa ba, kuma ya fara ne da tallan goro da alewa yana haɗawa da waƙa a kasuwa da dandali. Kayan kiɗan da ya ɗauka, wato kalangu, ganga ce mai baki biyu da siririn ƙugu wadda ake saƙalawa a hammata, ana matse tsarkiyoyinta ana sakewa don sauti ya hau ya sauka kamar maganar mutum, kuma a al'adance ta mahauta ce da ta wasan 'yan mata. Makaɗan fada suna da nasu kayan, kotso da taushi da jauje, suna da ubangida guda, suna da gado. Shata ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma ya kai kalangu gaban sarakuna, musamman bayan bikin 'ya'yan sarki da aka yi a Kano a 1952, wanda ya fito da sunansa sarari. Ya zauna a Bakori a ƙarƙashin inuwar Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa, kafin ya tare a Funtuwa a wajen 1960, inda ya yi kusan shekara arba'in.

Zaɓen Funtuwa ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tattalin arzikin wannan yanki a wancan zamani. Layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda ya ratsa garin tun ƙarshen shekarun 1920, ga injin gurzar auduga, ga hanyoyin mota da suka haɗu a nan daga Zariya da Sakkwato da Katsina, ga ƙasa mai albarka wadda ta miƙa daga Bakori da Ɗanja zuwa Faskari da Sabuwa da Ɗandume, ta haura arewa zuwa Malumfashi da Ƙanƙara. Idan kaka ta yi, aka kai auduga fulotin awo, kuɗi sukan shigo hannun manomi da dillali da direba da ɗan kamasho a lokaci guda, kuma a wannan lokacin ne ake ɗaura aure, ake naɗin sarauta, ake kalankuwa, wato shagalin samari da 'yan mata na bayan girbi, ake kuma kiran makaɗi. Hakiman yankin, Sarkin Maska a Funtuwa da Makama a Bakori da Sarkin Pauwa a Ƙanƙara da Sarkin Yamma a Faskari da Kogo a Sabuwa, suna da fadoji, amma mawaƙin da ya zauna a tsakiyarsu bai zama mallakin kowace fada ba, domin attajiran auduga da masu motocin haya da ma'aikatan En'e sun isa su riƙe shi. Wannan 'yancin shi ne ya ba Shata damar yi wa kansa waƙa da murya mai ƙarfi haka, domin makaɗin da abincinsa yake hannun mutum ɗaya yakan auna yabon kansa kada ya kai na ubangidansa.

Masu nazarin waƙar baka, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun ba sassan irin wannan waƙa sunaye da suka dace da ita. Akwai gindin waƙa, wato layin da 'yan amshi suke maimaitawa wanda shi ne ba ya sauyawa, akwai ɗiyan waƙa, wato gungun layukan da jagora yake kawowa tsakanin amshi da amshi, akwai kuma turke, wato babban saƙon da aka ɗaure waƙar a kansa. Bakandamiya a bakin makaɗa ita ce waƙar da mawaƙi ya ɗauka a matsayin shugabar waƙoƙinsa, wadda a cikinta yakan bar yabon wani ya juyo kan kansa da sana'arsa, kuma ba Shata kaɗai yake da ita ba, domin ta Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa, ita ma sananniya ce ga duk mai sauraren waƙoƙin fada. Gindin Bakandamiyar Shata godiya ce da ta haɗa mai ganga da yaransa, ɗiyanta kuwa kirari ne da ƙalubale ga abokan hamayya da lissafin inda ya taka da abin da ya gani. Tsarin kira da amsawa da ke cikinta shi ne wurin da ta fi kusa da kiɗan sol, tun da a can ma jagora yana jingina ne da muryoyin da ke bayansa, yana samun sararin numfashi da na tunani a lokacin da suke amsawa.

Kamancen bai wuce nan da nisa ba, kuma bai kamata a ja shi da ƙarfi ba. Mawaƙin sol a waƙarsa mai sanyi yana tallata rauninsa ne, yana nuna namiji wanda so ya durƙusar, zai ba da dukiyarsa da mutuncinsa da abokansa, kuma masu saurare suna girmama shi saboda ya yarda ya faɗi a gabansu. Makaɗin Hausa a bakandamiyarsa yana yin kishiyar haka, yana tsayawa a tsakiyar fili yana cewa babu kamarsa, domin a al'adar da ta reni kunya da kawaici, namiji ba ya kuka da so a bainar jama'a, amma an yarje wa makaɗi da ɗan dambe da maharbi su yi kirari. Duk da haka abin da ya haɗa su ya fi zurfin abin da ya raba su, wato a waƙoƙin biyu ne mawaƙi ya daina zama bakin wani ya zama bakin kansa. Mutumin da ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, ya yi wa Hassan Sarkin Dogarai, ya yi wa Umaru Ɗanɗanduna na Gwandu, ya yi wa direbobi da sojoji da 'yan kasuwa da matan gari, a Bakandamiya ba ya jiran kyautar kowa, kuma mai yiwuwa shi ya sa jama'a suka ji ta fi sauran gaskiya.

Daga nan ne matsalar gado ta taso, kuma ita ce ba a cika lura da ita ba. Waƙar Sledge tana magana ne a kan wani namiji da ba a ambaci sunansa ba, don haka kowane namiji zai iya shiga rigarta, Bolton ya shiga, wasu da dama sun shiga, kowannensu kuma ya ƙara mata kwana. Bakandamiya riga ce da aka ɗinka wa mutum ɗaya. Duk wanda ya rera ta bayan rasuwar Shata a 1999, komai kyan muryarsa, kwaikwayo yake yi, domin ba zai iya cewa shi ne wanda mawaƙa suke tsoro ba alhali kowa ya san ba shi ba ne, kuma abin da masu kallo suke tafa wa shi ne kusancinsa da muryar marigayin, wanda hakan yabo ne ga Shata ba ga waƙar a matsayin abin da ke ci gaba da rayuwa ba. Hanyar da waƙoƙin baka suka saba bi su tsira, wato ɗa ya gaji uba ya ci gaba da rera waƙoƙin gidan ga magajin ubangida, a rufe take ga waƙar da turkenta shi ne mai ita. Abin da ya rage mata shi ne muryar da na'ura ta kama.

Muryar da aka kama kuwa ba guda ba ce. Shata ya sha faɗa cewa ba ya zama ya shirya waƙa a gida, a fili take zuwar masa, kuma duk wanda ya saurari Bakandamiya daga naɗi biyu ko uku zai ji cewa gindin yana nan amma ɗiyan suna sauya wuri, wasu su fita, wasu su shigo, gwargwadon garin da ake ciki da wanda ke zaune a gaba da abin da ke ransa a daren. Makaɗan kalangun ma ba rakiya kawai suke yi ba, tun da kalangu yana furta magana, mai riƙe da shi yakan tuna wa jagora ɗan waƙa, yakan zuga shi, yakan ja shi ya tsawaita ko ya taƙaita, haka nan sanƙira, wato maroƙin da ke tsaye yana shelar wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar, yana iya karkatar da waƙa zuwa inda ba ta nufa ba. Saboda haka tambayar wace ce Bakandamiya ta asali tambaya ce da aka aro daga duniyar faifai. Bakandamiya ita ce jimillar duk daren da aka yi ta, kuma kowane naɗi yanki ne kawai daga cikinta.

Na'urar da ta kama ta ita ma tana da nata sharaɗin. Faifan garmaho na dā ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku ko huɗu a kowane gefe, babban faifan da ya biyo baya yana ɗaukar kimanin minti ashirin, kaset kuwa minti talatin ko arba'in da biyar, don haka waƙar da a dandali za ta iya cin dare sai an datse ta ta dace da ma'aunin roba. Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, shi ne ya fi kowa kai muryar Shata ƙauyukan Arewa da Nijar da Gana da Kamaru, kuma wannan alheri ne babba, amma yana tafe da wani sakamako, wato naɗin da rediyo ya fi maimaitawa shi ne ya zauna a kunnen jama'a a matsayin waƙar, sauran suka koma kamar kuskure ko ƙari. Matashin da ya san Bakandamiya daga wayarsa a yau galibi ya san naɗi ɗaya ne ko biyu, waɗanda aka kwafa daga kaset zuwa faifan CD zuwa katin waya zuwa YouTube, babu shekara, babu sunan gari, babu sunan ko mutum ɗaya daga cikin masu kalangu da 'yan amshi. Abin takaici ne a ce an san wanda ya buga ganga a Sheffield a 1966, amma masu saurare ba su san sunayen waɗanda gindin Bakandamiya yake ambato ba, alhali waƙar da kanta ta sa su a gaba.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2022 aka sa mata hannu a 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, tana kuma kare naɗin sauti shekara 50 daga lokacin da aka fitar da shi. Tun da Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999 a Kano, aka binne shi a Daura, kariyar waƙoƙinsa za ta kai ƙarshen 2069, amma naɗe-naɗen da aka fitar a shekarun 1960 da farkon 1970 wa'adinsu ya riga ya cika. Dokar kuma ta shardanta cewa sai an adana aiki a cikin wani abu da za a iya gani ko ji daga gare shi kafin ya cancanci kariya, wanda hakan yana nufin Bakandamiyar da aka yi a wani biki a Faskari ba tare da rikoda ba, ba ta da wannan kariya. Doka irin wannan an gina ta ne a kan waƙa mai marubuci ɗaya da siffa ɗaya, irin ta Lewis da Wright, kuma ba laifinta ba ne idan ta kasa gane waƙar da ƙungiya ta yi ta ginawa shekara arba'in, amma laifi ne a zauna ana jiran ta yi aikin da ba nata ba.

Adalci ne a ce an yi aiki. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani, ya ɗauki Shata a matsayin abin nazari, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. A 2006 aka wallafa "Shata Ikon Allah!", tarihin rayuwarsa wanda Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, ya jagoranci rubutawa tare da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami, daga baya kuma Dakta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara ya fitar da "Mahadi Mai Dogon Zamani", wanda ya tattara waƙoƙin da labaran waɗanda aka yi wa su. Waɗannan littattafai sun ceci sunaye da dalilai da ba don su ba da sun tafi da tsofaffi. Sai dai takarda tana riƙe kalma ne kawai, ba ta riƙe inda Shata ya ja numfashi ya bar kalangu ya ƙarasa masa magana, ko inda ya shigo kafin amshi ya sauka, kuma a waɗannan wurare ne gwanintar take. Mai karanta matanin Bakandamiya bai fi mai karanta matanin waƙar Sledge sanin abin da ya sa mutane suke yin shiru idan an sa ta ba.

Akwai masu ganin cewa wannan damuwa ta malaman jami'a ce, cewa waƙar baka an yi ta ne ta rayu ta mutu a bakin mutane, kuma tun da har yanzu ana jin Shata a tashar mota da shagon tela da teburin mai shayi, babu abin da ya ɓata. Maganar tana da ƙarfi a zamanin da dandali yake raye, domin a lokacin idan waƙa ɗaya ta mutu wata tana tsirowa a gurbinta. Halin da Karaduwa ta shiga cikin shekarun nan ya raunana wannan hujja. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 da suka haɗa da waɗannan ukun. A garin da mutane suke kwana da kunne ɗaya a buɗe, babu mai kiran makaɗi ya kai asuba, kuma iyalin da suka bar ƙauye cikin dare ba kaset suke fara ɗauka ba. Asarar rayuka da dukiya ta fi wannan girma nesa ba kusa ba, kuma ba a kawo maganar waƙa don a jera su ba, amma gaskiya ce cewa akwatunan da tsofaffin naɗe-naɗen biki suke ciki suna cikin gidajen da ake bari.

Aikin da ya rage ba na gina mutum-mutumi ba ne ko sa wa titi suna, aiki ne na tattarawa mai cin rai wanda ba ya kawo hoton jarida. Yana buƙatar a nemo kowane naɗin Bakandamiya da ke akwai, na rumbun Rediyon Kaduna da na gidajen rediyo da talabijin na Kano da Katsina, da na tsofaffin masu sayar da kaset a Funtuwa da Malumfashi, da na gidajen hakimai da attajiran da suka sa aka naɗa musu bikinsu, a kwafe kowanne yadda yake ba tare da an goge hayaniyar jama'a da shelar sanƙira ba, a rubuta masa gari da shekara da dalilin taron da sunayen masu kalangu da 'yan amshi daga bakin waɗanda suka rage a cikinsu da 'ya'yansu. Bai kamata a zaɓi naɗi ɗaya a ce shi ne na hukuma ba, domin yin haka zai ƙarasa datsewar da faifai ya fara. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Bayero suna da ma'aikata da ɗaliban da za su iya, kuma wajibi ne a yi shi da yardar iyalan Shata, a kuma ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, tun da ko a Amurka gobarar da ta tashi a rumbun kamfanin Universal a 2008 ta cinye ɗimbin naɗe-naɗen asali da ake zaton suna cikin aminci. Zaren kaset yana sakin sautinsa a hankali cikin zafi da ƙura, na'urorin da ke juya shi suna ƙarewa a kasuwa, kuma wanda ya riƙe wa Shata kalangu yana ɗan shekara ashirin a 1975 yanzu ya kai saba'in, don haka tsarin aikin a bayyane yake: a fara da mutanen, sannan kaset, faifan da ke rumbun rediyo ya zo daga baya.